Buntun Tudun Wada Zai Iya Ɗaure Gubar Riruwai, Amma Sai An Fara Auna Ƙasa

Duk wanda ya karya kwana a Kwanar Dangora bayan kaka, ya kama hanyar Jos ya shiga Tudun Wadar Dankadai, ba sai an gaya masa sana'ar garin ba. Ƙarar injinan casa ce za ta fara tarbarsa, sai tururin tukwanen masu turara shanshera, sai kuma tsibin buntu a bayan kowane inji. Buntu shi ne kusan kashi 20 cikin 100 na nauyin shanshera, wato duk buhu biyar da aka casa, nauyin buhu guda ɓawo ne. Wani a hura wuta da shi, wani masu kaji su kwasa su yi shimfiɗa, wanda ya gauraya da dusa a kai wa dabbobi. Abin da ya yi saura sai a banka masa wuta, ya kwana ya wuni yana ci a hankali, hayaƙinsa yana shiga gidajen maƙwabta.

Idan matafiyin ya ci gaba kudu, ya ratsa dajin Falgore ya shiga ƙasar Doguwa, zai iske wani tsibin daban a gindin duwatsun Riruwai. Wannan ba ya cin wuta, ba ya ruɓewa. Tarin ƙasa ne da dakakken dutse da masu haƙar ma'adinai suka bari.

Haƙar kuza a Riruwai ta girmi mulkin Turawa. Tun kafin su zo mutanen garin ke narka ta su zuba siri-siri, fatake su ɗauka su kai kasuwanni masu nisa, kuma ganin wannan kuza a hannun 'yan kasuwa na cikin abin da ya sa Turawan kamfanin Neja suka bi sawunta a farkon ƙarni na 20 har suka dangana da tsaunukan Jos. Daga baya aka bi jijiyar ma'adinin cikin dutse, mai tsawon kusan kilomita 5, aka haƙa rami na ƙarƙashin ƙasa, aikin kuma ya tsaya a shekarun 1980, zamanin da farashin kuza ya faɗi warwas a kasuwar duniya. Kamfani ya naɗe tabarmarsa, tarin ƙasa ya zauna. Jijiyar nan kuwa ba kuza kaɗai ke cikinta ba. Akwai tutiya mai yawa, akwai dalma, kuma a ko'ina cikin duniya dutsen tutiya da kadmiyam yake tafe, ƙarfen da ko sunan Hausa ba shi da shi amma ƙoda ta san shi. Masana kimiyya na jami'o'in Arewa da suka ɗebi ƙasa da ruwa a wuraren haƙar nan sun wallafa cewa waɗannan ƙarafa sun fi yawa a can fiye da wuraren da ke nesa da ramukan. Yau ma samari na nan da diga da shebur suna tono, suna wanke yashi a rafi, ruwan wankin yana gangarawa inda ya ga dama.

Shekaru ke nan masu binciken ƙasar noma a ƙasashe da dama suna cewa tsibi irin na farko zai iya zama maganin tsibi irin na biyu: buntu, da totuwar masara, da tokar murhu, da ƙasusuwan mahauta, idan aka sarrafa su aka zuba a gona, suna hana ƙarfe mai guba shiga cikin amfani. Maganar gaskiya ce, kuma yankin Tudun Wada da Doguwa da Kiru da Bebeji yana da kayan aikin a ƙofar gida. Amma magana ce mai haɗari idan aka faɗe ta rabi. Manomin da aka gaya wa "shara magani ce" aka tsaya nan, an fi cutar da shi a kan wanda ba a gaya wa komai ba.

Abin da ya bambanta ƙarfe da sauran ƙazanta shi ne ba ya mutuwa. Kashin dabba ya ruɓe ya zama taki, maganin feshi rana da ruwa su karya ƙarfinsa, amma dalmar da ta shiga gona bana tana nan lokacin da jikan mai gonar zai yi huɗa. Kuma ba ta nuna kanta. Masara za ta yi goyo biyu, alayyafo ya yi shar, mai saye ya yaba. Ɓarnar a jikin mai ci take fitowa, a hankali. Dalma ƙwaƙwalwar yaro take taɓawa, Hukumar Lafiya ta Duniya kuma ta ce babu wani adadinta a jini da za a ce ba ya cutarwa. Kadmiyam a ƙoda yake taruwa, sai a yi shekara 10 zuwa 30 kafin jiki ya fitar da rabin abin da ya shiga. Ƙa'idar abinci ta duniya ba ta yarda ya wuce miligiram 0.4 a kilo ɗaya na casasshiyar shinkafa ba, dalma kuwa miligiram 0.2 a kilon hatsi. Babu idon da zai ga wannan, babu harshen da zai ɗanɗana shi.

Arewa ta riga ta ga mafi munin abin. A 2010 likitocin ƙungiyar MSF suka gano yara na mutuwa a ƙauyukan Anka da Bukkuyum na Jihar Zamfara, Dareta da 'Yargalma da Abare da sauransu, saboda ana niƙa dutsen zinare mai cike da dalma a cikin gidaje, wani lokaci da injin da ake niƙa hatsi. Yara fiye da 400 suka rasu. A wasu gidajen dalmar da aka auna a ƙasa ta haura kashi 100,000 cikin miliyan, alhali ma'aunin da Amurka ke amfani da shi a lokacin ga wurin wasan yara 400 ne. Maganin da aka yi a can shi ne na ƙarfi: aka kankare saman ƙasa a tsakar gidaje da lunguna, aka kwashe aka binne a rami na musamman, aka kawo tsabtatacciyar ƙasa aka shimfiɗa. Garin Bagega, shi ma a Zamfara, sai da ya jira har 2013, bayan matasa sun yi ta kururuwa a intanet kafin gwamnatin tarayya ta saki kuɗin aikin. Ba a gama jimami ba, a 2015 abin ya sake ɓulla a ƙaramar hukumar Rafi ta Jihar Neja, yara 28 suka tafi.

Tsakar gida ana iya kankare ta. Gona fa? Japan ta gwada. Kadmiyam daga mahaƙar Kamioka ya bi kogin Jinzu ya shiga gonakin shinkafar lardin Toyama, mata tsofaffi ƙasusuwansu suka riƙa karyewa da kansu, gwamnati ta amince a 1968 cewa gubar mahaƙa ce. Aka fara canza ƙasar gonakin a 1979, ba a gama ba sai 2012: hekta 863, a kan kuɗi yen biliyan 40 da ɗoriya. Shekara 33, a ƙasa mai arziki irin Japan, kan filin da bai kai ko kusa da gonakin rani na Kadawa ba. Wanda duk ya ce za a kwashe ƙasar fadamun Doguwa a kawo sabuwa, ba da gaske yake ba.

Shi ya sa aka koma ga dabarar ɗaurewa. Tushenta mai sauƙi ne: saiwa ba ta cin dutse, abin da ya narke a ruwan ƙasa kaɗai take sha. Ƙarfen da ya narke shi ne abokin gaba; wanda ya manne ya daskare, ko yana nan, ba ya hawa kara. To, me ke narkar da shi? Tsamin ƙasa. Ƙasar kudancin Kano ta fi ta arewa samun ruwan sama, galibi kuma tana da ɗan tsami, dutsen tutiya da na dalma kuwa idan suka sha iska da ruwa su ma tsami suke fitarwa. Toka da farar ƙasa suna kashe tsami, kamar dai yadda uwargida ke jefa 'yar kanwa a miyar da yakuwa ta yi wa yawa. Da tsamin ya sauka, sai kadmiyam da tutiya da dalma su lafa.

Gawayi aikinsa ya ɗara haka. Buntun da aka ƙona ba tare da isasshiyar iska ba yakan zama baƙi, mara nauyi, cike da ƙananan ƙofofi da ido ba ya gani, ƙarfen da ke yawo a ruwan ƙasa sai ya maƙale a jikinsu. Ga shi kuma yana daɗewa a gona ba kamar takin gida ba, yana riƙe laima, yana sassauta ƙasa mai tauri. Ƙashi kuwa nasa na dalma ne. Sinadarin fosfet da ke cikinsa idan ya haɗu da dalma sukan zama wani dutse da da ƙyar ruwa ke narkar da shi. Akwai kuma wata baiwa da buntu ya keɓanta da ita. Tokarsa kusan kashi 90 cikin 100 silika ce, shinkafa kuma ta ƙofar da take shan silika ta nan asenik, wani sinadari mai guba, ke satar shiga. Idan silika ta wadata a ƙasa, sai ta tare masa hanya.

Yin gawayin ba ya buƙatar injiniya. Manoman Japan da na Filifin sun daɗe suna yi da abin da kowane mai walda a Tudun Wada zai haɗa da rana ɗaya. A sami tsohuwar garwa ko rabin duro, a huda jikinta ko'ina, a dasa mata bututu dogo a ka. A hura 'yar wuta da kirare, a kife garwar a kai, sannan a tula busasshen buntu a kewaye har ya rufe ta, bututun kaɗai ke leƙowa. Wutar za ta riƙa ci daga ciki tana fitowa waje. Inda baƙi ya ɓullo a jikin tsibin, sai a ja ɗanyen buntu daga ƙasa a rufe. Bayan 'yan sa'o'i, idan tsibin ya yi baƙi gaba ɗaya, sai a baje shi da shebur a kwarara masa ruwa sosai. Duk gwanintar a nan take: wanda ya tafi cin abinci ya bar shi, zai dawo ya tarar da farar toka, wadda ba ta kai gawayin amfani ba, iska kuma ta kwashe rabi. Wanda bai jiƙa shi da kyau ba, cikin dare wutar za ta farfaɗo a cikin buhu. Daga nan sai a cakuɗa da takin gida a bar shi ya kwana biyu kafin a kai gona, don gawayi tsura yakan fara shanye abincin shuka kafin ya saki.

Ba a takarda kaɗai abin ya tsaya ba. Ƙasar Sin ta fitar da sakamakon binciken ƙasarta a 2014, ta ce kashi 19.4 cikin 100 na wuraren da aka auna a gonaki sun wuce ƙa'ida, kadmiyam ne kan gaba, shekara guda bayan an kama shinkafar Hunan mai kadmiyam a kasuwannin Guangzhou. Tun daga nan zuba farar ƙasa a gonakin shinkafa ya zama aikin hukuma a can, gwaje-gwajen da aka yi da gawayin karan alkama a gonaki na gaske kuma sun nuna kadmiyam na raguwa a ƙwayar shinkafa. A unguwar West Oakland ta Amurka, hukumar kare muhalli ta ƙasar ta cakuɗa niƙaƙƙen ƙashin kifi da ƙasar gidajen da dalma ta ɓata a 2011, maimakon ta kwashe ƙasar. A Palmerton ta jihar Pennsylvania, inda masana'antar narka tutiya ta ƙone tsauni guda ya zama ƙeƙasasshe, da cakuɗen dattin masai da aka tace da toka da farar ƙasa aka sa ciyawa ta sake tsirowa.

Zuwa nan labari ne mai daɗi, irin wanda ake so a taron bita. Sauran shi ne ba a cika faɗa ba.

An ɗaure ne, ba a kashe ba. Ƙarfen yana nan daram a gonar, kuma igiyar tana tsufa. Yuriya, takin da manomin masara a Doguwa ba ya rabuwa da shi, tsami yake ƙara wa ƙasa kowace shekara. Ruwan sama yana wanke toka. Gonar da aka gyara bana, idan aka yi shekaru ana zuba mata yuriya ba a sake waiwayarta ba, za ta koma gidan jiya ba tare da ta yi sallama ba. Ma'ana wannan aiki ne na kiwo, ba na yi-ka-tafi ba, kuma ayyukan gwamnati a ƙasar nan an san inda suka fi rauni.

Sannan maganin wani gubar wani ne. Fosfet ɗin da ke ɗaure dalma shi ke kwance asenik, domin kamanninsu ɗaya, wuri guda suke rububin kamawa a jikin ƙasa. Rage tsami ma yakan saki asenik. Haka ruwa: shinkafar da ke tsaye cikin ruwa kullum ba ta shan kadmiyam sosai amma tana shan asenik, wadda ake tsane wa ruwa kuma akasin haka. Wanda ya zuba garin ƙashi a fadamar da matsalarta asenik ce, ya kashe kuɗinsa ya ƙara wa iyalinsa guba. Toka ma idan ta yi yawa takan hana shinkafa samun 'yar tutiyar da take buƙata don girma, ganye ya yi ja, manomi ya ɗora laifi a kan iri.

Akwai kuma hanyar da gawayi ba ya tarewa ko kaɗan. Yawancin dalmar da ke shiga jikin yaro ba ta cikin tuwo take bi ba, ta ƙura ce: hannun da ya yi wasa da ƙasa ya shiga baki, tufafin uba da ya dawo daga rami, hatsin da aka shanya a ƙasa kusa da inda ake daka dutse, ganyen da ba a wanke da kyau ba. Abin da ya kashe yaran Zamfara ke nan. Ko an cika gona da gawayi, muddin ana kawo dutse gida a daka, ba a yi komai ba.

Sai batun yawa, wanda masu sha'awar abin ke tsallakewa. Gwaje-gwajen da suka ba da sakamako mai kyau galibi tan 10 zuwa 40 na gawayi suka zuba a hekta guda. Buntu idan aka ƙona shi, kusan kashi ɗaya cikin uku na nauyinsa ke zama gawayi. A ɗauki mafi ƙaranci, tan 10. Ana buƙatar tan 30 na buntu, wanda sai an casa tan 150 na shanshera, wato buhu 1,500 mai kilo 100. Hekta ɗaya tak! Ga kuɗin mota daga Tudun Wada zuwa Riruwai, ga shi buntu da nauyi kaɗan amma da cika mota. Kuma ranar da masu inji suka ji ana nemansa, ranar zai yi farashi. Ko yanzu ba kyauta ba ne a wurare da yawa. Don haka wannan ba maganin da za a barbaɗa wa ƙaramar hukuma guda ba ne. Na lambu ne, na bakin rafin da ake noman alayyafo da latas da kabeji, na gadon renon shinkafa, na 'yan kadadar da aka tabbatar suna da matsala. Ganye shi ya fi hatsi ɗaukar kadmiyam, don haka can ya kamata buhun farko ya sauka.

Amma babban abin tsoro ba a Riruwai yake ba, a bola yake. Manoman kewayen Kano sun yi ɗaruruwan shekaru suna rayar da gonakinsu da sharar birni. Jaki ya shiga da itace ko kara, ya fito da mangalar taki. Da wannan dabara ƙasar da ake nomawa kowace shekara ba hutu ta ci gaba da ciyar da jama'a, har masana irin su Michael Mortimore suka yi ta rubutu a kanta. Sai dai bolar wancan zamani toka ce da kashin awaki da sharar tsakar gida. Bolar yau akwai batirin tocila da na rediyo a ciki, da fasasshen ƙwan lantarki, da guntayen waya, da gwangwanin fenti, da ragowar batirin sola da na mota da aka fasa aka cire dalmarsa. A cinna wa wannan wuta, a tankaɗe, a loda a tifa, a kai gona da sunan taki. Binciken da aka yi kan tokar bola da masu lambu ke amfani da ita a Jos ya nuna haka ɗin: tana da abincin shuka, tana kashe tsami, amma wani lodin yana ɗauke da dalma mai yawa, kuma ba a gane wanne ne da ido. Da tsadar takin zamani ta kai inda ta kai, manomin Kiru ko Bebeji da ke bakin titin Zariya, wanda mota ke isa gonarsa cikin sauƙi, shi ya fi kowa fuskantar wannan tayi.

Haka laka da dattin masana'antun jima na Challawa da Sharaɗa da Bompai. Baƙi ne, yana da maiƙo, yana kama da taki mai kyau, amma da kuromiyam, wani ƙarfe mai guba, ake jima fata a masana'anta. Abin da ruwan masana'antu da na kwata ya yi wa lambunan bakin Jakara da Getsi sananne ne, ɗaliban jami'a sun auna sun sake aunawa. Kudancin Kano ba ta kai can ba. Kogin Kano daga tsaunukan kudu yake tasowa, ya ratsa Falgore ya zuba a madatsar Tiga da aka gama a 1974, daga nan ruwan ya tafi gonakin rani na Kadawa da Kura da Bunkure. Yankin da ke riƙe da kan ruwan da ɗimbin jama'ar jiha ke ci da shi bai kamata ya zama wurin juye abin da birni ya rasa inda zai kai ba.

Saboda haka sharar da ake magana a kai sai an tantance ta da suna: buntu, totuwa, ɓawon gyaɗa, tuƙar rake daga masu mazarƙwaila, tokar itace daga murhu ko gidan burodi, ƙashi daga mahauta. Abin da gona ta haifa ko dabba ta bari. Ko su ɗin ma da sharaɗi, don buntun shinkafar da aka noma a gurɓatacciyar gona yana ɗauke da rabonsa.

Duk wannan ya dawo kan abu ɗaya da har yau ba a yi wa manomin yankin ba, wato a auna masa gonarsa a gaya masa sakamako. Ba abu ne mai wuya ba. Na'urar da aka yi aiki da ita a Zamfara ta hannu ce, ana ɗora bakinta a ƙasa, cikin minti ɗaya ko biyu ta nuna yawan dalma. Kadmiyam da ke ɓuya a ƙaramin adadi shi ne sai an kai ɗakin gwaji, ɗakunan kuma akwai su: Cibiyar Binciken Aikin Gona ta Samaru, da Cibiyar Noman Ƙasashe Masu Ƙarancin Ruwa ta Jami'ar Bayero, da jami'ar kimiyya da fasaha ta Wudil. Matsalar ita ce binciken da ake yi yana ƙarewa ne a mujallar Turanci da kundin digiri. Ɗalibi ya zo da leda ya ɗebi ƙasa, ya gode wa mai gona, ya tafi. Shi ya sami digiri, mai gona ko labari.

Da za a bi rafukan da ke gangarowa daga wuraren haƙa, gona bayan gona, a fitar da taswira, da an san inda aka dosa. Wani wurin, kamar kan tarin ƙasar mahaƙa da bakinsa, ba gawayin da zai gyara shi. A daina shuka abinci a kai, a rufe shi da ƙasa mai kyau, a dasa itatuwan katako ko na inuwa, a hana yara da dabbobi. Wani wurin matsakaici ne, nan ne gawayi da toka da ƙashi za su yi aiki, gwargwadon ƙarfen da aka samu, a kuma sake aunawa bayan shekara biyu ko uku. Mafi yawan gonakin kuwa, da yardar Allah, za a tarar lafiyarsu lau, abin da suke buƙata kawai a tsare su daga tifar bola.

Za a sami masu cewa tone-tonen nan zai ɓata sunan masarar Doguwa da shinkafar Tudun Wada a kasuwar Dawanau. Tsoron yana da dalili, ɗan kasuwa ba ya son jita-jita. Amma jita-jita a inda babu awo take yaɗuwa. Takardar da ta nuna gonaki kaza ne abin ya shafa, sauran duk lafiya, ita ce kariyar mai sayarwa, musamman yanzu da manyan kamfanonin casa da masu fitar da kaya waje suka fara tambayar inda amfani ya fito. Wasu kuma za su ce ana so a hana samarin Riruwai neman abinci. Zamfara ta gwada hani, haƙa ba ta tsaya ba, ɓuya kawai ta yi. Cikin abin da ya rage mutuwar yara a can akwai fitar da daka da wanki daga cikin gari, da wanke jiki da canza tufafi kafin a shiga gida. Masu lasisi kuwa, dokar ma'adinai ta 2007 ta riga ta ɗora musu gyaran wurin da suka haƙa. Ba sabuwar doka ake nema ba, mai bin sawu ake nema.

Aikin farko bai fi ƙarfin shugabannin ƙananan hukumomin nan huɗu ba idan suka haɗa kai da hukumar bunƙasa aikin gona ta jiha, KNARDA, da ɗaya daga cikin jami'o'in: a auna lambuna da fadamun da ke ƙasan wuraren haƙa kafin noman rani mai zuwa, a karanta sakamakon da Hausa a gaban dagatai da masu unguwanni da masu gonakin, a kafa gonar gwaji ko da guda biyu ce, rabi da gawayin buntu rabi babu, manoma su gani da idonsu, ɗakin gwaji kuma ya faɗi abin da ke cikin ganyen. 'Yan majalisar da ke wakiltar Tudun Wada da Doguwa, da Kiru da Bebeji, kuɗin na'urar awo ɗaya bai kai na motocin da suke rabawa ba.

Kai kuma manomi, kafin su motsa: kada ka karɓi takin bola da ba ka san asalinsa ba ko da kyauta ne, kada ka shanya hatsi kusa da inda ake daka dutse, kuma duk wanda ya zo da leda zai ɗebi ƙasar gonarka, ka karɓi lambar wayarsa, ka ce masa sai ya dawo maka da sakamako.